Gwaggo Dije Tsakanin Doha da Adis Ababa

A gidan Malam Uba da ke Jega akwai wani ɗaki can ƙurya, bayan madafa, inda ake ajiye tabarmin baƙi da buhunan gero. Taga ɗaya gare shi, ƙarama, tana kallon lungun da mutane ke bi zuwa kasuwa. A nan ne Dije, ƙanwar Malam Uba, take zaune a ɓoye, alhali duk mutanen garinsu, Jiga Birni, sun ɗauka tana ƙasar Maleshiya.

Ga yadda abin ya faru. Raihana, autar Dije, tana zaune a can da mijinta Shafi'u, malami a jami'ar Aliero wanda aka tura ƙarin karatu. Cikinta na fari ya tsufa. Da a gida take, da tuni an dawo da ita ɗakin uwarta, ta haihu a nan, a dafa mata ruwan wanka safe da yamma, a dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. Tunda hanya ta yi nisa, sai Shafi'u ya yi wa surukarsa takardu da tikiti, uwa ta je inda 'ya take.

Dije ta yi sallama yadda ake yi. Ta shiga gida-gida ta nemi gafara. Liman ya yi mata addu'a a ƙofar masallaci, mata suka raka ta har bakin titi, wasu suna sharar hawaye. Sai dai kafin ranar, labari ya riga ya zaga Aliero, ya kai har Giwa Tazo. Malaman jami'a da ke karatu a Maleshiya suna da yawa, kuma kowannensu yana da uwa. Wannan ta zo da ƙullin daddawa, waccan da kuka da busasshiyar kuɓewa, wata da yaji, wata da gabu, wato ganyen albasa da aka daka aka shanya. Kowace ta miƙo da hannu biyu, ta faɗi sunan ɗanta, ta ce, "Amana ce, Dije." A wajensu matafiyi ba ya ƙin saƙo. Dije kuwa tun tana yarinya ba ta taɓa mayar da hannun kowa ba.

Haliru, babban ɗan Malam Uba, shi ya raka ta Abuja. Da aka ɗora kayan a kan sikeli, ma'aikaciyar ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce cikin ladabi kayan sun wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, sai an rage da yawa. Haliru ya ce a ciro saƙonnin, shi zai mayar wa masu su. Dije ta durƙusa a tsakiyar mutane ta kwance jaka. Ta ɗauki ƙulli, ta tuna fuskar wadda ta ba ta, ta mayar. Ta ɗauki wani, ta mayar. Haliru ya roƙa, ya yi faɗa, ya sake roƙo. Tana nan durƙushe aka rufe karɓar kaya, jirgi ya tashi ba ita.

A hanyar dawowa, da suka kusa Jega, ta juyo ta dubi Haliru.

"Kada ka kai ni Jiga Birni," ta ce. "Mutanen da sunka yi kuka don na tahi, da wane ido zan dube su? Kai ni gidan Yaya."

Suka shiga da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa cikin gida. Ta ja mayafi ta rufe fuska har ta shige ɗakin ƙurya. Aka jibge jakunkunan a gefe. Ta kashe wayarta ta tura ƙarƙashin filo.

Washegari Shafi'u ya kira Malam Uba. Ya ce ya samu an yarda a sake mata tikiti, amma sau ɗaya tak, ba ƙari. Hanya biyu ce: ko ta sauka a Doha ta canja jirgi, kamar yadda aka tsara da farko, ko ta bi ta Adis Ababa. Ya ce a tambayi Inna wadda ta fi so, a ba shi amsa da wuri, don likita ya ce haihuwa ta matso.

Malam Uba tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, mutum ne mai son a bi abu daki-daki. Ya ga cewa tunda ƙanwarsa za ta yi tafiyar ita kaɗai, ba ta jin Turanci, ga ciwon gwiwa, ya dace a bayyana mata wuraren biyu ta zaɓa da kanta. Kuma Allah ya sa akwai masana a gida. Haliru, da ke sayar da kayan waya, ya sha bi ta Doha in zai je saro kaya. Ƙaninsa Zayyanu kuma ta Adis Ababa ya bi da ya je Umra. Bayan la'asar aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakin, Dije tana daga ciki, labule a ɗage rabi.

"Gwaggo, ki saurare ni," in ji Haliru. "Doha ba filin jirgi ba ne, gari ne aka rufa wa rufi. Akwai lambu a ciki, itatuwa na gaske. Akwai ɗan jirgin ƙasa da ke kai mutum daga wannan ɓangare zuwa wancan. Daɓen kuwa, sai kin ga fuskarki a ciki."

"Ta ga fuskarta ta yi mi da ita?" Zayyanu ya ce. "Gwaggo, wurin da sai an hau jirgin ƙasa a cikinshi, kin san ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne. Adis ƙarami ne a kan wancan. Kina sauka, ki bi mutane, kin iso."

"Ki bi mutane, su kai ki Kinshasa."

"Aƙalla mutane ne irin namu. Ina zaune can na ji ana Hausa a bayana, na juya, sai ga 'yan Kano da 'yan Maraɗi. Kai a Doha wa ka sani?"

"Ban san kowa ba, amma na samu kujerar da na miƙe ƙafa. Kai ba ka ce mana a kan jakarka ka zauna ba?"

"Ranar ce aka yi cunkoso."

"Ranar da ka je ce kawai aka yi cunkoso, Alhaji ƙarami."

Iklima, matar Malam Uba, tana daga madafa tana dariya. Dije ta bari suka lafa, sannan ta yi tambaya a hankali.

"Wurin alwala hwa?"

Haliru ya ce akwai masallatai a ko'ina, na mata daban, da wurin alwala mai wurin zama. Zayyanu ya ce a Adis ma akwai wurin salla, shi dai ya yi tasa. Malam Uba ya ce to, a wannan kam Doha ta ɗan fi. Ya tambaya ko a kira Shafi'u.

"A bari in kwana da shi," in ji Dije.

Da gari ya waye sai ta ce ta tuna wani abu. In mutum ya ɓata, wa zai tambaya? Zayyanu ya miƙe zaune. Ya ce ai wannan ba sai an faɗa ba, a Adis duk inda ta ga mai hula irin tamu ta kama gefen rigarsa. Haliru ya ce a Doha ba a ɓata, domin ana iya neman a tura ta a keken marasa ƙarfi tun daga ƙofar wannan jirgi har ƙofar wancan. Dije ta ce ita ba gurguwa ba ce da za a tura ta a gaban jama'a. Malam Uba ya ce to, wannan karon Adis ta ɗan fi. Ya sake tambaya ko a kira Shafi'u. Ta ce a ƙara mata lokaci.

Haka kwanaki suka riƙa wucewa. Ba ta fitowa tsakar gida sai ta leƙa ta tabbatar ba baƙo. In an yi sallama a zaure, sai ta saki labule ta koma bayan buhunan gero. Ɗakin ba ya shan iska, warin daddawa kuma ya cika shi, ya kama tufafinta, ya fara fita tsakar gida. Iklima ta ce in aka ci gaba haka, maƙwabta za su zo sayen daddawa. Dije ba ta yi dariya ba. Takan zauna ta dubi jakunkunan, su uku a jere jikin bango, kamar baƙin da suka ƙi tafiya.

Ran kasuwa ya fi kowace rana tsanani. Tun hantsi lungun ya cika da masu wucewa, mutanen ƙauyuka da kayansu. Tana kwance a ƙarƙashin tagar sai ta ji wata murya da ta sani tun suna 'yan mata. Amariya ce, maƙwabciyarta a Jiga Birni, wadda ta yi jikoki amma sunan bai sake ta ba.

"Ai Dije yanzu ta zama ta Turawa," Amariya take cewa wata. "Ko waya ba ta ɗauka. Tana can tana cin shinkafa da cokali, ta manta da mu. Ni dai ta kai ma ɗana Abdurrahman saƙona, shi ke nan."

Dije ta danne numfashi har sawunsu ya yi nisa. Ƙishirwa ta kama ta, randa tana tsakar gida, amma ba ta iya tashi ba sai da kasuwa ta fara watsewa.

Da yamma yaran suka dawo kan tabarmarsu. Yanzu gardamar ta zama tasu, ba ta Gwaggo ba. Haliru ya kawo hotuna a waya, yana nuna rufin gilashi da shaguna masu walƙiya. Zayyanu ya ce shaguna ba sa kai mutum Maleshiya. Ya ce a Adis sanyi ne mai daɗi, garin yana kan tudu. Haliru ya ce wannan sanyin ne zai kama gwiwar Gwaggo, ga shi wani lokaci sai an sauko matakala an hau bas kafin a shiga ciki. Zayyanu ya ce sanyin na'urar Doha ya fi na Allah cutarwa. Suka koma kan abinci, suka koma kan tsawon jira, suka koma kan wane ne ya fi sanin duniya a cikinsu.

"To, a ina ne ake sake ɗora kaya bisa sikeli?" Dije ta tambaya daga ciki.

Duka biyun suka ce ba ko ɗaya. Kaya daga Abuja suke wucewa kai tsaye, sai ta isa za ta gan su.

"Wato duk wadda nib bi, sikelin Abuja shina nan."

"Yana nan, Gwaggo," in ji Haliru.

Sai ta ce, "Ku sake gaya mini zancen bas ɗin nan."

Malam Uba yana kan kujerarsa yana jan carbi. Ya shekara da shekaru yana koyar da yara, ya san ɗalibin da ke tambaya don ya gane, ya kuma san wanda ke tambaya don kada a kai ga kiransa gaban allo. Ya sallami yaran, ya ce su je masallaci zai same su. Ya jawo kujerar kusa da labule.

"Dije."

"Na'am, Yaya."

"Yaran ga sun gaya miki duk abin da sunka sani. Sun fara ƙari ma. Jiya Haliru ya ce akwai tsuntsaye a lambun, yau ya ce bai tabbata ba."

Ta ɗan yi murmushi.

"Ba Doha ta hana ki tahiya ba, ba kuma Adis ba. Ko ba haka ba?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Sannan ta ce, "In na tahi da su, ba a bari. In na bar su nan, na ci amana. In na maida su, sai na shiga gari kowa ya gan ni. Ka gaya mini ƙofar da zan bi, Yaya, kai da ka yi karatu."

"Haliru zai iya kai ma kowa nata."

"Hannuna anka ba. In yaro ya kai musu, ai na jefar musu da shi ke nan."

"Ko ki tahi, in kin isa ki kira su ki ba su haƙuri."

"In je can, ɗan Amariya ya zo gaishe ni, yana kallon hannuna? Uwarshi ta riga ta gaya mishi."

Malam Uba bai ce ta yi wauta ba, don ya san ba wauta ba ce. Shi kansa ya taɓa ɗaukar tulun man shanu daga Jega har Zariya saboda wata tsohuwa ta ce amana. Ya ce mata kawai, "Raihana ta kira ni sau da yawa. Tana son ta ji muryarki."

Dije ta ƙi kunna tata wayar, sai aka kawo ta Malam Uba. Fuskar Raihana ta bayyana, ta kumbura, idanunta sun faɗa. A bayanta ana ganin farin bango da labule shuɗi, ba kowa.

"Inna, kin zaɓa?"

"Ana dai dubawa, auta. Yayyenki sun ce wagga ta fi wurin zama, waccan kuma—"

"Inna, ni ba ruwana da wurin zama. Shafi'u yana makaranta tun safe. In abin ya taso ni kaɗai ce a gidan. Ƙafafuna sun kumbura, ban san ko haka ake yi ba, ba wadda zan tambaya." Ta goge ido da bayan hannu. "Daddawar mutane ta fi ni ne?"

"Kul, kada ki sake faɗin haka."

"To ki zo."

Dije ta miƙa wa Malam Uba wayar, ta juya fuska ga bango. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Da safe Malam Uba ya tambaye ta, ta ce tana istihara. Ya ce to. Washegari ma haka.

Ana cikin wannan, wata safiya Iklima na dama koko, wayar Malam Uba ta yi ƙara. Shafi'u ne. Ya ce naƙuda ta taso yana makaranta, wata maƙwabciyarsu 'yar Sudan ce ta kai Raihana asibiti. Ta sauka lafiya, an samu mace. Iklima ta ajiye ludayi ta rangaɗa guɗa, sannan ta tuna, ta toshe baki da hannu ta dubi ɗakin ƙurya.

Dije tana tsaye a bakin ƙofa. Wannan ne karo na farko da ta fito ba ta leƙa ba. Ba ta saba magana da surukinta kai tsaye ba, amma ta matso kusa da wayar.

"A tambaye shi, wa ya wanke jinjirar?"

Shafi'u ya ji. Ya ce, "Ma'aikatan asibiti ne, Inna."

"Ita kuma uwar, an ba ta wani abu mai zafi?"

"Sun ba ta shayi da biredi."

"Shayi," in ji Dije.

Ta tsaya a tsakar gidan tana kallon ƙasa. Rana ta hau katanga, kaji na tonon bakin rariya. Ta san abin da ke biyo bayan haihuwar fari: jiki ɗanye, nono ya cika ya yi tauri, kuka ba dalili. Ta san kuma cewa in an sallami Raihana, gidan nan mai farin bango za ta koma.

"Haliru shina gida?"

"Yana shago," in ji Malam Uba.

"A kira shi ya kawo mota. A fitar da jakunkunan ga."

Ba ta rufe fuska ba da suka fita. Motar ta bi titin Aliero, ta wuce rumfunan da ake tara albasa, ta karya zuwa Jiga Birni. Tun daga bakin gari yara suka gane ta suka bi motar da gudu. Kafin a sauke jaka ta biyu, mata sun fara leƙowa ta kan katanga. Dije ta sa aka shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gidanta. Ta aika a kira duk wadda ta ba ta saƙo, na Aliero a buga musu waya, na Giwa Tazo ma haka.

Amariya ce ta fara shigowa. Ta tsaya, ta riƙe haɓa, ta dubi Dije daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah. Mutanen Maleshiya, sannu da zuwa. Har kin yi fari. Ina tsarabarmu?"

"Ga ta nan cikin jaka, taki ce da kika ba ni."

"Ke Dije, ina kika kwana duk kwanakin ga?"

"Jega, ɗakin gero. Ina jin ki ran kasuwa kina cewa ina cin shinkafa da cokali."

Amariya ta zauna daɓas a kan tabarma, ta yi dariya har da hawaye. Wasu suka taya ta, wasu suka tsaya suna kallon juna. Da tsakar gidan ta cika, Dije ta faɗa musu komai yadda ya faru, ba ta rage ba. Ta ce Raihana ta haihu ba ta nan. Guɗar da wata ta fara ta mutu a rabi. Ta ce za ta sake tafiya, kuma jirgi ba ya ɗaukar abin da suka ba ta. Ta ce kowace ta kwance ƙullinta da hannunta, ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta ƙulla a leda, shi za ta iya kaiwa, sauran kuma ta koma da shi.

Aka fara kwancewa. Ƙullin Amariya ya fi na kowa nauyi, an naɗe shi da zane an ɗaure da igiya. Da ta warware, sai ga albasa ɗanya, manya-manya, jajaye, wasu har sun fara tsiro.

"Amariya!" in ji wata. "Albasa? Can ba su da albasa?"

"Abdurrahman ya ce tasu ba ta sa hawaye. Mi za a yi da albasar da ba ta sa hawaye?"

"Ke kika hana jirgi tashi da Dije, wallahi."

"Ni kaɗai? Buɗe naki mu gani."

Na waccan kuwa har da dunƙulen kanwa kamar kan yaro. Aka yi ta tonon juna, ana dariya, ana ɗiba ana ƙullawa. Amariya ta zaɓi albasa guda ɗaya ta miƙo. Dije ta ce a'a, ɗanyen abu ba ya shiga. Amariya ta yi tsaki, ta karɓi gabu a wajen maƙwabciya ta ƙulla wa ɗanta.

Ba kowa ya yi dariya ba. Murjanatu, wata dattijuwa da ta zo tun daga Giwa Tazo a kan babur, ba ta kwance nata ba. Ta ɗauke shi yadda yake ta ɗora a ka.

"Da kin san ba ki iyawa, da ba ki karɓa ba," ta ce. "Na riga na gaya ma ɗana. Cikin tafi ɗaya kuwa, ba bara ya je yi can ba."

"Ki yi haƙuri, Murjanatu."

Murjanatu ta juya ta fita abinta. Dije ta bi ta da ido har ta ɓace a zaure. Ta san wannan ba mai gyaruwa ba ce da wuri, wataƙila ma ba za ta gyaru ba. Ta sunkuya ta ci gaba da jera ƙananan ledojin a gefen jaka guda, kusa da geron kunu da yajin jego na Raihana.

Haliru ya ɗaga jakar ya jijjiga, ya ce yanzu kam ko yaro zai ɗauka. Sannan ya ciro waya.

"Gwaggo, Shafi'u na jira. Doha ko Adis?"

"Wanne ka fara tashi?"

Ya kira ya tambaya. Ya ɗan ɓata fuska kafin ya ce, "Na Adis."

"Shi nika bi."

"Gwaggo, kujerun—"

"In babu kujera in zauna ƙasa. Na zauna bayan buhun gero."

Zayyanu da ya ji labari ya so ya yi wa yayansa dariya, amma Malam Uba ya ce ba zaɓarsa aka yi ba, ya adana bakinsa. Aka ba shi aikin ya zauna da Gwaggo ya bi da ita hanyar a hankali, daga saukowa jirgi har ƙofar na biyu, ya maimaita har ta riƙe. Ya kuma rubuta mata sunan garin da za ta a babban kwali, ta nuna wa duk wanda ta gani sanye da kayan ma'aikata.

Ran tafiya ta ce ba sallama, ba rakiya, ta farko ta isa. Bayan sallar asuba ta shiga mota da jakarta. Sun kusa fita gari ke nan sai ga wata mata tana tafe da sauri tana ɗaga hannu, da ƙulli a hammata. Matar ɗan'uwan liman ce, ranar da aka kwance kaya tana biki a Maiyama, ba ta ji abin da aka yi ba. Haliru ya rage gudu ya dubi gwaggonsa.

"Tsaya," ta ce.

Matar ta iso tana haki, ta miƙo ƙullin ta taga da hannu biyu. "Dije, Allah ya sa na same ki. Ɗan kilishi ne, na ƙanena. Amana—"

Dije ta riƙe hannuwan matar duka biyu, ta mayar mata da ƙullin a ƙirjinta a hankali.

"Ki gafarce ni, ba ni ɗauka."

Matar ta tsaya baki buɗe, kamar ba ta gane yaren ba. Dije ta janye hannuwanta. Ba ta ƙara ko kalma ba, don ta san in ta ƙara za ta karɓa.

"Mu tahi, Haliru," ta ce.

Motar ta hau titi. Dije ta ɗora hannu a kan jakar da ke gefenta, ba ta waiwaya ba.